Karen Gida Ma Yana Cizo: Kira ga Iyayen Ƙananan Yara

Maganar da mu ma'aikatan lafiya muka fi ji daga bakin iyaye idan an kawo yaro da cizon kare ita ce, "Ai namu ne, bai taɓa cizon kowa ba." Ana faɗin haka don a nuna cewa abin bai kai a tayar da hankali ba, alhali kuwa yawancin ƙananan yaran da kare ke ciza, karen da suka saba da shi ne ke cizonsu, walau na gidansu, ko na maƙwabta, ko na gadi da ake ɗaurewa da rana a sake shi da dare.

Yaro mai rarrafe ko ɗan shekara uku tsayinsa daidai yake da bakin kare, shi ya sa cizon da zai samu babba a ƙafa yake samun yaro a fuska, ko a wuya, ko a kai. Ga shi kuma yaro bai san gargaɗin da kare ke yi kafin ya kai cizo ba. Idan kare ya sandare wuri ɗaya, ya kwantar da kunnuwa, ya soke wutsiya tsakanin ƙafafunsa, gashin bayansa ya miƙe, ko ya fara gurnani yana yage leɓe, babba zai ja da baya, amma yaro sai ya ƙara matsawa, ya ja wutsiya ko ya rungume wuya. Hatsarin ya fi yawa lokacin da kare ke cin abinci ko gwaguyar ƙashi, da lokacin da aka tashe shi daga barci ba zato, da lokacin da yake fama da ciwo. Karya mai shayarwa kuwa, komai sanyin halinta, ba ta yarda a taɓa mata kwikwiyo, kuma kwikwiyon shi ne abin da yara suka fi sha'awar ɗauka.

Saboda haka kada a bar ƙaramin yaro shi kaɗai tare da kare, ko da na ɗan lokacin da uwa za ta leƙa madafa ne, kuma barinsa a hannun yayarsa 'yar shekara bakwai ba tsaro ba ne. A ware wa kare wurin cin abincinsa nesa da inda yara ke wasa. Yaran da suka fara wayo a koya musu kada su jefi kare ko su tsokani wanda ke ɗaure, kuma idan kare ya nufo su kada su ruga da gudu suna ihu, domin gudun ne ke sa shi bin su. Yaro ya tsaya cik, hannuwansa a jikinsa, kada ya zuba wa karen ido. Idan karen ya kayar da shi, ya dunƙule ya rufe fuska da wuya da hannuwansa.

Abin da ya fi raunin kansa muni shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, kusan dukkansu a nahiyoyin Afirka da Asiya, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana cikin yawun kare, kuma idan ta shiga rauni sai ta bi jijiyoyi a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa. Yawanci tafiyar takan ɗauki wata biyu zuwa uku, lokacin da raunin ya daɗe da warkewa, an ma manta da shi, amma cizon fuska ko wuya yana gajarta ta ƙwarai. Da zarar alamu sun bayyana, wato zazzaɓi, da firgita, da dalalar yawu, da kasa haɗiyar ruwa duk da ƙishirwa, to da wuya ƙwarai a tsira. Wannan mutuwa ce mai ban tausayi, musamman da yake ana iya hana ta gaba ɗaya tun ranar da aka yi cizon.

Ina roƙon iyaye da babbar murya kada su doki yaro don ya zo ya ce kare ya cije shi. Yaron da aka hana wasa da kare, idan ya san duka ke jiransa, ɓoye raunin zai yi a ƙarƙashin riga. A sanar da yara cewa ko yakushi ne, ko kare ya lashi wani ƙurji a jikinsu, su faɗa nan take, ba za a yi musu faɗa ba.

Idan cizo ya auku, aikin farko a gida yake. A wanke raunin da sabulu da ruwa mai gudana, na famfo ko a riƙa tsiyayawa daga buta, har tsawon minti goma sha biyar cur, ko da yaron yana kuka, domin wankin nan yana fitar da kaso mai yawa na ƙwayar cutar. Idan akwai aidin a shafa. Kada a zuba toka, ko barkono, ko kananzir, ko a ɗora gashin karen a kan raunin kamar yadda wasu ke yi, domin babu ɗaya daga cikinsu da ke kashe cutar, sai dai su ƙara dagula raunin. Daga nan a nufi asibiti a ranar, ba washegari ba. A can za a duba buƙatar allurar tetanus, sannan a fara allurar rigakafin haukan kare, wadda ake yi a ranar farko, da bayan kwana uku, da bayan kwana bakwai, a kuma ci gaba bisa tsarin da likita ya rubuta. Idan cizon ya huda fata, ana buƙatar wani ƙarin magani da ake yi da allura a cikin raunin da kewayensa. Jariri da mai juna biyu duk ana yi musu. Gaskiya ne alluran suna da tsada, kuma ba kowane ƙaramin asibiti ne ke ajiye su ba, amma wanda ya yi ɗaya ko biyu ya daina don rauni ya bushe bai samu cikakkiyar kariya ba.

Shi kuma karen, idan na gida ne kuma lafiyarsa ƙalau, a killace shi inda ba zai kai ga kowa ba, a sa masa ido na kwana goma, ba tare da an dakatar da allurar yaro ana jira ba. Idan ya canza hali, ko ya mutu, ko ya ɓace, a gaggauta sanar da likita da ofishin kula da dabbobi. Ba kowane mahaukacin kare ne ke yawo yana kai cizo ba. Wani lafewa yake yi, muƙamuƙinsa ya saki, yawu na zuba, har mai gida ya zaci ƙashi ne ya maƙale masa ya cusa hannu a bakinsa, kuma wannan kuskure ne mai hatsarin gaske.

Duk wanda ya ajiye kare, don gadi ne ko farauta ko kiwo, haƙƙi ne a kansa ya kai shi a yi masa allurar rigakafi tun yana ɗan wata uku, a kuma sabunta ta kowace shekara. A Najeriya, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana haɗa wannan allura, kuma masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki, cutar takan daina yaɗuwa a cikinsu. A ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara, wadda ita ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, akan shirya gangamin allura a wurare da dama. A karɓi katin shaidar allurar a adana shi da kyau, kuma idan an tashi kai yaro asibiti a tafi da shi, domin yana cikin abubuwan da za mu fara tambaya.