Takardar fahimtar juna: baiko ce ko ɗaurin aure?

Tun da aka fara taron zuba jari na KadInvest a Kaduna a 2016, kunnuwanmu sun saba da jin "an rattaba hannu kan yarjejeniyar fahimtar juna". Yanzu har 'yan kasuwa sun ɗauka, kuma ina jin tsoron yadda wasu ke dogara da ita.

Mece ce wannan takarda?

Ita ce ma'aikata ke kira MOU. Ɓangarori biyu ne ke rubuta abin da suke da niyyar ƙullawa kafin su ƙulla shi. Kamar baiko take: an gani, an so, manya sun san da maganar, amma ba a ɗaura ba.

In ɗaya ya janye, kotu za ta tilasta masa?

Galibi a'a. A 2017 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci tsakanin kamfanin gine-gine na BPS da hukumar raya Abuja, FCDA. Takardarsu ta ce sai an sa hannu a cikakkiyar kwangila tukuna, kuma ba a sa ba. Kotu ta ce babu wanda takardar ta ɗaure.

A ce kai dillalin waken soya ne a Kawo. Wani kamfanin abincin kaji ya ba ka takarda mai tambari cewa yana da niyyar sayen tirela biyar. Ka ci bashi, ka kama sito, ka cika shi da buhuna. Farashi ya faɗi, kamfanin ya daina ɗaga wayarka. Takardar tana aljihunka, bashin yana wuyanka. Alƙawari kaya ne, gaskiya, amma kada ka fitar da ko sisi sai an rubuta kwangila ko an ba ka kafin alƙalami.

To, ba ta ɗaure komai ke nan?

Alƙali ba sunan takarda yake dubawa ba, abin da ke cikinta yake karantawa. In an faɗi farashi da adadi da ranar kawo kaya, kuma babu sharaɗin jiran wata kwangila, tana iya zama kwangila sosai. Akan kuma ware wasu sassa a ce su dole ne, kamar riƙe sirri ko hana ka ciniki da wani na ɗan lokaci. Nuna wa lauya kafin ka sa hannu.

Ana amfani da ita har a harkar sa ido kan bankuna. Me ya kawo ta nan?

Bankunanmu irin su UBA da Access suna da rassa a Ghana da wasu ƙasashe, alhali ikon Babban Bankin Nijeriya a iyakar ƙasa ya tsaya. Shi ya sa yake yin irin wannan takarda da takwarorinsa don musayar bayanai da binciken rassa. Rushewar BCCI, wani banki mai rassa a ƙasashe da dama, a 1991 ta nuna abin da ke faruwa in kowace hukuma nata ɓangaren kawai take gani. A Amurka kuwa, hukumar sa ido kan bankuna kan sa shugabannin bankin da ya fara tangal-tangal su sa hannu a irin wannan takarda cewa za su gyara. Ba a kai ta kotu, amma in suka yi biris, umarnin dole na iya biyo baya.