Rage ƙara tsakanin hawa da hawa a gidan bene

Rage ƙara tsakanin hawa da hawa ya ƙunshi dabarun da ake bi wajen zaɓen abin da za a shimfiɗa a daɓen bene, da abin da za a sa ƙarƙashinsa, don kada motsin mutanen sama ya hana na ƙasa sakat. A Damagaram batun ya fi shafar gidajen siminti masu hawa, inda ake zuba dal, wato kankaren da ke raba hawa da hawa, a manna karo (tayil) kai tsaye a kanta.

Ƙarar da ke sauka daga bene iri biyu ce. Akwai mai bin iska, kamar hira, rediyo da kukan jariri, wadda nauyin gini ke tarewa. Dal ta kankare mai kaurin santimita 15 tana da nauyin kusan kilo 360 a kowace murabba'in mita, shi ya sa ba kasafai magana ke ratsa ta ba. Ta biyun ita ce ƙarar bugu: takun takalmi, jan kujera, faɗuwar kwano, gudun yara. Wannan tana shiga jikin ginin ne, ta bi dal da ginshiƙai da bango, ta ɓullo a ɗakin ƙasa, wani lokaci har a ɗakin da ba ya ƙarƙashin wurin da aka taka. Ƙara kaurin dal kaɗan yake rage ta, domin kankare na ɗaukar jijjiga ya kai ta nesa.

Tsofaffin soraye na Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, irin ginin fadar Sarkin Damagaram da aka yi a tsakiyar ƙarni na 19, da wata hikima aka yi su. Ana jera azara, a shimfiɗa zana ko kara, a ɗora ƙasa mai kauri, sannan a yi daɓe a shafe shi da makuba. Ƙasa tana da nauyi, kuma ba ta amsa bugu kamar siminti. Cokali ya faɗi a kanta, nan take ƙarar ke mutuwa.

Ana auna ƙara da desibel. Raguwar desibel 10 kunne na jin ta kamar an rage rabin ƙarar. Don gwada daɓe, masana na aiki da wata na'ura mai guduma 5, kowace giram 500, suna faɗowa daga tsayin santimita 4, bugu 10 a daƙiƙa, sai a auna abin da ya isa ɗakin ƙasa. Tsurar dal ta santimita 14 da ake gwaji a kanta tana ba da desibel 78. Dokar Faransa ta 30 ga Yuni 1999 ta ce a sababbin gidaje kada ƙarar bugu daga maƙwabci ta wuce desibel 58. Mai sayen kaya ya kula da lambar da ke jikin kwali: a tsarin Turai ana rubuta yawan desibel ɗin da shimfiɗar ke ragewa, a tsarin Amurka kuwa ana rubuta IIC, wato makin da ke nuna yadda daɓe ke tare ƙarar bugu, inda 50 ce mafi ƙarancin abin da ƙa'idar gini ta yarda da shi tsakanin gidaje. A duka biyun, babbar lamba ta fi.

Karo shi ne abin da jama'a suka fi so, kuma da dalili. Yana da sanyi a Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma da tsumma ɗaya ake goge ta. Amma karon da aka manna a kan dal kusan ba ya rage komai. Kafet mai kauri da soso a ƙarƙashi ya fi kowace shimfiɗa kashe taku, yakan rage desibel 25 ko fiye, sai dai yana tara ƙura, mai asma kuma na shan wuya da shi. Ledar ƙasa mai soso a bayanta tana rage tsakanin 15 da 20, siririyar leda kuwa sai kaɗan. Katako yana buƙatar shimfiɗa mai laushi a ƙasansa, ga kuma gara da bushewar iska da ke sa shi tsagewa.

Wanda ke son karo kuma yana son shiru, hanyar da ta fi inganci ita ce daɓe mai zaman kansa, wato wanda bai taɓa dal ko bango ba. Ana share dal tas, a kankare duk wani tsinin siminti da ka iya huda shimfiɗa. Sai a baza shimfiɗar, ko ta robar tsofaffin tayoyi da aka niƙa, ko ta ɓawon bishiyar kwak da Fotigal ta fi kowace ƙasa samarwa, ko ta auduga mai gilashi da aka matse. A haɗa bakunanta da salatif don kada ruwan siminti ya zurara, a kuma ɗaga gefenta ta hau bango zagaye da ɗakin. A kanta ake zuba kwaɓin siminti da yashi na santimita 5 zuwa 6, ya bushe, sannan a jera karo. A nan aiki ya fi lalacewa. Magini ya ga robar ta leƙo a gindin bango, ya sa wuƙa ya yanke ta tun kafin a jera karo, ya cike gurbin da siminti don ya yi kyau. Wannan ƴar mahaɗa ta isa ta mayar da yawancin ƙarar cikin bango. Sai an gama karo ake yanke rarar, karon gindin bango kuma a bar masa ƴar tazara a cike ta da silikon. Haka za a yi wa kowane bututun da ya ratsa daɓen.

Tun a zane ya kamata a yanke wannan shawara, domin daɓen zai tashi da santimita 6 zuwa 7, abin da ya shafi ƙofofi da matakala, kuma zai ƙara wa dal nauyin kilo 100 ko fiye a kowace murabba'in mita. Injiniya ne zai ce ko za ta ɗauka, musamman dal mai bulo mai rami, wadda ta fi zubin kankare zalla sauƙin nauyi. Katifar soso ta kwanciya ba ta dace da wannan aiki ba, tana lotsewa karo ya fashe.

A gidan da aka riga aka gama, darduma mai kauri a inda ake yawan wucewa, da roba a ƙafafun kujeru da gadaje, suna kawo sauƙin da ake ji tun daren farko. Rufin filasta da aka rataya a ɗakin ƙasa yana taimakawa idan an sa auduga mai gilashi a samansa, amma ba ya tare abin da ya biyo bango. Daka kuwa bugu ne mai nauyi da ke girgiza dal gaba ɗaya, siririyar shimfiɗa ba ta iya masa, don haka wurin turmi shi ne tsakar gida a ƙasa.