Nazarin Adabin Ingilishi da Ƙirƙirarren Rubutu a Jami'a

Nazarin adabin Ingilishi fanni ne da ake karanta zube da waƙa da wasan kwaikwayo waɗanda aka rubuta da harshen Ingilishi, a yi musu tarke ta fuskar jigo da salo da zubi da tsari. Shi kuwa ƙirƙirarren rubutu, horo ne da ake ba ɗalibi domin ya samar da nasa labarin ko waƙar, maimakon ya tsaya ga sharhin aikin wasu. A yawancin jami'o'in Nijeriya ba a raba su ba, ƙirƙirarren rubutu kwas ne da ake cusawa cikin digirin farko na Ingilishi mai shekara huɗu.

Fannin ya kafu a ƙasar nan ne da buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, inda manhajar ta ginu a kan marubutan Ingila irin su Shekisfiya. Daga cikin ɗaliban wannan kwaleji Chinua Achebe ya fito, kuma littafinsa Things Fall Apart na 1958 yana cikin abubuwan da suka sa dole aka ba adabin Afirka gurbi a aji. Koyar da rubutu a matsayin darasi mai zaman kansa kuwa a Amurka ya bunƙasa, musamman a Jami'ar Iowa tun 1936.

A Gombe ana karanta Ingilishi a Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004, a Bauchi kuma akwai jami'ar jiha da ke Gaɗau, wadda yanzu take ɗauke da sunan fasihin mawaƙi Sa'adu Zungur. Mai neman gurbi sai ya ci darasin Ingilishi da na adabi a jarrabawar WAEC ko NECO, sannan ya zauna ta JAMB. A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi yakan rubuta kundin digiri.

Ajin rubutu ya sha bamban da sauran azuzuwa, domin a nan ɗalibi yakan raba wa 'yan ajinsu kofen gajeren labarinsa, ya yi gum yana saurare ana feɗe shi layi-layi. Wani zai ce tauraron labarin ba ya magana kamar ɗan tireda, wata ta ce an yi gaggawar kashe shi, malami kuma ya ja jan biro a ƙarƙashin jimlar da aka ɗauko ta daga Hausa ba a sauya mata riga ba. Wannan matsala ta ƙarshe ita ce ta fi addabar Bahaushen ɗalibi, ko da yake wanda ya iya sarrafa karin magana da habaicin harshensa yakan mai da su jari. Gadon ma ba baƙo ba ne a Bauchi, tunda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar tun a shekarun 1930, aka kuma fassara shi zuwa Ingilishi a 1967.

Fitaccen misali daga wannan yanki shi ne Helon Habila, haifaffen Kaltungo a 1967, wanda ya karanta Ingilishi a Jami'ar Jos, ya koyar a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi, ya ci kyautar Caine ta gajeren labari ga marubutan Afirka a 2001, daga baya ya zama malamin ƙirƙirarren rubutu a Jami'ar George Mason ta Amurka. Galibin masu wannan digiri dai koyarwa da aikin jarida da fassara da aikin gwamnati suke shiga bayan hidimar ƙasa.