ORM da rumbun bayanai: tambayoyin masu gina manhajar yanar gizo

Mene ne aikin ORM tukuna?

Tafinta ne tsakanin manhajarka da rumbun bayanai. Kai ka rubuta umarni da Python ko PHP ko Java, shi kuma ya mayar da shi SQL, yaren da rumbun ke ji. Hibernate, ORM na Java, ya fara ne a 2001. Rails, Django da Laravel kuma kayan gina manhajar yanar gizo ne, kowanne da ORM ɗinsa: Active Record ya zo da Rails a 2004, Django ya fito a 2005 da nasa. Masu Laravel kuma Eloquent suke amfani da shi.

Kowane ORM na aiki da kowane rumbu?

A'a. Django a hukumance guda 5 yake ɗauka: PostgreSQL, MySQL, MariaDB, Oracle da SQLite. Laravel yana ɗaukar SQL Server, amma babu Oracle a jerinsa. Prisma, wani ORM ɗin daban, har rumbun MongoDB yake ɗauka. Duba jerin kafin ka rubuta layi ɗaya.

To idan rumbun na cikin jerin, ba shi ke nan ba?

Nan ne mutane ke tuntuɓe, kuma nan ne abin ke damuna. Kasancewa cikin jeri na nufin ORM ya iya magana da rumbun. Ba ya nufin rumbunan za su ba da amsa iri ɗaya.

Ɗauki SQLite, wanda Django ke saka maka tun farko don sauƙinsa. Ka ce gurbin suna kada ya wuce haruffa 50, SQLite zai karɓi 200 bai ce uffan ba. PostgreSQL kuwa zai ƙi, ya jefo kuskure. Sai manhajar da ta yi ta aiki lafiya a kwamfutarka ta faɗi ranar da ta hau sabar. Haka batun kulle layin bayani a cikin rumbu: idan mutum biyu na cire kuɗi daga asusu ɗaya a lokaci guda, akwai umarnin select_for_update da ke sa ɗaya ya jira ɗayan. A kan SQLite, Django na wuce umarnin ne shiru. Ka gwada, ka ga komai daidai, alhali ba ka gwada komai ba.

Akwai kuma abin da rumbu ɗaya kaɗai ya iya. ArrayField na Django, gurbin da ke ɗaukar jerin abubuwa, sai a PostgreSQL. Da zarar ka yi amfani da shi, ƙaura zuwa MySQL ta zama sake gini.

Ina batun rubutun Hausa?

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Kafin fitowa ta 8.0 a 2018, MySQL da tsarin haruffa na latin1 yake zuwa idan ba ka sauya ba, kuma babu ƙ, ɗ, ɓ a cikinsa. Ko dai ya ƙi karɓar sunan, ko harafin ya koma alamar tambaya, kuma wanda ya koma ɗin ba ya dawowa. Zaɓi tsarin utf8mb4 tun ranar ƙirƙirar rumbun. Wanda MySQL ya daɗe yana kira utf8 kawai yana ɗaukar haruffanmu, amma ba ya ɗaukar emoji.

Bincike ma haka. SQLite ya san K da k abu ɗaya ne idan ka nemi kada a bambanta babba da ƙarami, amma bai san Ƙ da ƙ ba. Mai neman "ƙasa" ba zai ga "Ƙasa" ba. ORM ba zai gyara wannan ba.

Sauya tsarin teburin bayanai na cikin rumbu fa?

Idan sauyin ya tsaya a tsakiya, PostgreSQL na mayar da komai yadda yake. MySQL ba ya iyawa, sai ka tarar rabi ya shiga rabi bai shiga ba, ka bi da hannu ka gyara. Ɗauki kwafin bayananka kafin kowane sauyi.

Wanne ya kamata in zaɓa?

Idan Django ne kuma aikin zai riƙe kuɗi ko bayanan jama'a, PostgreSQL nake ba da shawara. Idan hayar sabar mai araha kake yi, yawanci MySQL ko MariaDB za ka tarar, kuma suna aiki sosai. Duk wanda ka zaɓa, saka shi a kwamfutarka da Docker (manhajar da ke kunna wata manhaja a keɓe), fitowa iri ɗaya da ta sabar, ka riƙa gwaji a kansa.