Me doka ta ce kan gidan kifi a Kogin Rima?

Idan jami'in muhalli ya zo bakin Rima duba lafiyar ruwa, galibi kwalba yake cikawa ya kai ɗakin gwaji. Can ake duba guba da mai da ƙwayoyin cuta, da yawan iskar da kifi ke shaƙa. A kan irin wannan awo aka fi gina ƙa'idojin 2011 na ingancin ruwan koguna da na ƙarƙashin ƙasa, waɗanda hukumar tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli ta Najeriya, NESREA, da aka kafa a 2007, ke kula da su. Aiki ne mai amfani. Sai dai gwajin na iya fitowa fes, Basarke kuma ya wuni yana jefa birgi ya koma gida da gora wayam.

Kifi yana da gida kamar kowa. Karfasa ɗan rami take haƙawa a ƙasan ruwa lokacin ƙwai. Bargi sheƙa yake yi cikin ciyawa. Tarwaɗa kuwa sai ruwa ya cika ya malala fadama da damina take hawa ta hayayyafa, 'ya'yanta su girma cikin burgu inda manyan kifaye ba su kai musu. Da bazara, in kogi ya janye, duka sai su taru a gurbi mai zurfi, ƙarƙashin inuwa da saiwoyin itatuwan gaɓa. A sare itatuwan nan, a yi noma har bakin ruwa, ƙasa ta zaizayo ta cike gurbin: ruwan zai yi zafi, ruwa mai zafi kuma ba ya riƙe iska sosai. Ba a zuba ko cokali ɗaya na guba ba, amma an kori kifi.

Shi ya sa wasu ƙasashe suka sa auna jikin kogin kansa cikin aikin doka. Dokar tsabtar ruwa ta Amurka ta 1972 ta ambaci abu uku da za a kare: sinadaran ruwa, da surar kogi, da rayayyun da ke ciki. Jihar Ohayo ta fito da ma'auni a 1989 mai maki 100. Ma'aikaci zai bi kogin da ƙafa yana ba da maki: ƙasan tsakuwa ne ko laka ta rufe shi, akwai maɓoya, gaɓa na zaizayewa, zurfi nawa ne. Tarayyar Turai ma ta bi wannan hanya a dokarta ta ruwa ta 2000.

Mu ma ba mu rasa madogara ba, a warwatse kawai take. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta kamu da guba ko nakiya ko lantarki, ta kuma hana raga mai ido ƙasa da milimita 76 in ban da wasu keɓantattun kamu. Wannan masunta da yawa sun sani. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne sashe na 10, wanda ya ce duk wanda aka bai wa izinin gina dam ko wani shinge a kogi, sai ya yi wa kifi matakala, wato 'yar hanyar ruwa mai hawa-hawa da zai bi ya ƙetare. Akwai kuma ƙa'idojin 2009 kan fadamu da gaɓar koguna da tafkuna, da dokar 1992 da ta wajabta binciken illa ga muhalli kafin babban aiki.

A nan nake ganin giɓin da ya fi shafar mu Sakkwatawa. An gama dam ɗin Bakolori a 1978, na Goronyo a 1984, duka kafin waccan dokar kamun kifi ta 1992. Ko da an yi matakalar, ba ita ce babbar buƙatar kifinmu ba. Ambaliyar shekara-shekara yake so, ta zo a kan kari ta kuma daɗe a fadama. Bayan Bakolori, malalar ruwa ta ragu a fadamun da ke ƙasa da shi, kamu ma ya ragu. Ya kamata Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta riƙa sa lokacin ƙwan kifi cikin lissafin sakin ruwa, kamar yadda take lissafa masu noman rani da ruwan famfon birni.

Haka batun yashi. Gini na ta ƙaruwa a Sakkwato, tifofi na ta sauka kogi. Kafin a ba da izinin ɗiba, a fara auna zurfin gurbin da faɗin ciyawar gaɓa a rubuta, a dawo baɗi a sake aunawa. Wanda za a tafi da shi wurin awon kuwa Sarkin Ruwan yankin ne, don shi ya san kowane gurbi da sunansa, ya kuma san shekarar da giwan ruwa ta daina kwana a cikinsa.