Lesin ɗin darasin Gwamnati a Kano: tambayoyin da iyaye ke yi

Yarona yana zuwa makaranta, me zai kai shi lesin?

Manhajar tana da faɗi, ajin kuma a cike yake. WAEC da NECO suna son ɗalibi ya zayyana amsa da hujja. JAMB kuwa tambaya 40 ce ta canki-canka a kwamfuta, kuma sa'a biyu ake bayarwa ga darussa huɗu gaba ɗaya. Kowace da irin shirinta, malamin aji ba ya samun sukunin bin kowane yaro.

Ina ne yara suka fi tuntuɓe?

A tsare-tsaren mulki na zamanin Turawa, waɗanda ake kira da sunayen jami'an Birtaniya. Sai yaro ya haddace Clifford 1922, Richards 1946, Macpherson 1951, Lyttelton 1954, amma ka ce ya faɗi abin da ya sa aka sauya wani da wani, ya yi shiru. Na Clifford ne ya fara kawo zaɓe, kujeru huɗu kacal, uku a Legas ɗaya a Kalaba. Na Richards ya raba ƙasa yanki uku. Na Lyttelton ya kafa tarayya, kuma dalilinsa yana nan garinmu: a 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka ce tukuna, a watan Mayu rikici ya ɓarke a Kano, sannan aka kira taro a Landan. Yaron da ya ji labarin a jere haka da wuya ya manta shekarun.

To yaya malamin kirki ke koyarwa?

Daga gida yake farawa, kuma wannan ne ya fi damuna, domin ɗan Kano yana zaune a kan rabin manhajar bai sani ba. Tsarin sarauta kafin zuwan Turawa a 1903, ga fada, ga Madaki, ga Galadima, ga alƙali. Jam'iyyun siyasa, a nan aka kafa NEPU ranar 8 ga Agusta 1950, kuma gidan Malam Aminu Kano na Mambayya yana Gwammaja, a kai yara su gani. In an zo gyaran ƙananan hukumomi na 1976, a fara da 44 ɗin Kano na yau kafin a ambaci 774 da ƙasa ke da su yanzu. Daga nan sai a fita zuwa ECOWAS da Majalisar Ɗinkin Duniya.

A yi bayani da Hausa ko da Turanci?

A warware da Hausa har ya zauna, sannan yaro ya rubuta da Turanci duk mako, malam ya duba da jan biro. Da Turanci za a yi jarrabawar.

Tsofaffin takardun jarrabawa kaɗai ba su isa ba?

Suna nuna salon tambaya da kiyaye lokaci, amma bayan an gama babi ake ɗauko su. Wanda kuwa ya ce zai samo wa ɗanku amsa ranar jarrabawa, ku guje shi, ana soke sakamako a kan haka.