Tumbatsar Teku da Rayuwar Gargajiya a Tuvalu: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya sa ruwan teku yake ƙaruwa?

Dalilai biyu ne manya. Ƙanƙarar da ke Girinlan da Antaktika da kan manyan duwatsu tana narkewa tana kwarara cikin teku, sannan shi kansa ruwan idan ya ɗumama yakan kumbura. Daga 1900 zuwa yau, teku ya ƙaru da kimanin santimita 20. Ana iya ganin adadin bai taka kara ya karya ba, amma a Tuvalu, ƙasa mai tsibirai tara a tekun Pasifik da mutane kusan 11,000, wuri mafi tudu bai kai mita 5 a saman ruwa ba.

Shin tsibiran sun fara nutsewa ne?

Tun kafin ƙasa ta nutse, gishiri ne yake fara cinye abin da mutane suke rayuwa a kansa, kuma a nan ne ainihin matsalar take. Abincin gargajiyar mutanen Tuvalu shi ne pulaka, wani dangin gwaza da ake shukawa a cikin ramuka masu zurfi waɗanda aka haƙa har suka taɓo ruwan daɗin da ke ƙarƙashin ƙasa. Iyali yakan gaji raminsa kaka da kakanni, yana ciyar da shi da ganyaye da taki. Da yake ƙasar tsibiran tana da ƙofofi kamar rariya, idan igiyar ruwa ta yi ƙarfi, musamman a watannin Fabrairu da Maris, ruwan teku yakan ɓuɓɓugo ta ƙasa a Funafuti, babban birnin ƙasar. Da zarar ruwan ramin ya zama zartsi, sai pulaka ta ruɓe, rijiyoyi su lalace, magidanta su koma dogaro da ruwan sama da shinkafar da jiragen ruwa suke kawowa.

Wane mataki shugabanni suka ɗauka?

A 2021 ministan harkokin waje Simon Kofe ya aika wa taron sauyin yanayi na Glasgow jawabinsa yana tsaye cikin ruwa har gwiwa. A 2023 Tuvalu ta gyara tsarin mulkinta domin ta ci gaba da zama ƙasa ko da teku ya shafe filinta. Maƙwabciyarta Kiribati kuwa tun 2014 ta sayi fili a Fiji.

Me zai hana su ƙaura kawai?

Ƙofar a buɗe take, domin yarjejeniyar Falepili da aka ƙulla da Ostireliya a 2023 ta ba mutum 280 damar komawa can kowace shekara, kuma dubbai sun nema. Sai dai fili a Tuvalu na dangi ne, kaburburan iyaye sau da yawa suna dab da gidaje, kuma dattawa a zauren falekaupule suke yanke shawarar tsibiri. Wanda ya sauka a Ostireliya zai sami aiki da makaranta, amma ramin pulaka da kabarin kakansa suna can inda ya baro su.